Sanata a Cikin Kwando

Ƙanena Anicet Dubrulle ya shekara goma sha ɗaya yana buga wa ƙungiyar garinmu Verquelle ƙwallo. Ana biyansa, hotonsa yana fita a jarida, yara suna roƙonsa ya sa musu hannu a bayan takardar burodi. Amma har ya rage masa wasa ɗaya ya rataye takalmi, bai taɓa jefa ƙwallo a ragar kowa ba. Na ce ragar kowa, to ban da tamu, wannan zan zo kansa.

Kada ku ce bai iya ba, don sai mu ɓata. Ɗan baya ne na hagu, kuma a shekarun nan na bayan yaƙi ɗan baya ba ya tsallake tsakiyar fili sai in kare ne ya biyo shi. Aikinsa ya tare ɗan gefen abokan karawa, ya narka ƙwallo cikin 'yan kallo, ya share hanci da hannun riga. Wannan kam Anicet ya iya shi fiye da kowa a arewacin Faransa. Ƙwallon ce ma ta fito da shi daga ramin kwal yana ɗan shekara ashirin da biyu, ƙungiya ta ba shi gida can ƙarshen gari, mai famfo a ciki.

Kowa ya yi murna ban da mahaifinmu. Baba Télesphore ya yi shekara talatin a ƙarƙashin ƙasa, ya fito da ƙura cike da huhu, har ta kai ko bakin titi ba ya iya zuwa sai ya tsaya ya huta a hanya. Duniyarsa ta koma ɗakin tattabarun da ya gina a bayan gida. A layinmu kowane magidanci yana da irin wannan ɗaki, kuma in aka ce ya zaɓa tsakanin tattabaru da matarsa, sai ya nemi a ba shi kwana biyu ya yi shawara. Duk Lahadin da ƙungiya ta tafi wasa wani gari, da tattabaru ake tafiya cikin kwando. In an ci a saki fara, in an sha kashi a saki baƙa, kafin jirgin ƙasa ya dawo da 'yan wasa gari ya riga ya san irin fuskar da zai tarbe su da ita.

Baba bai damu da fara ko baƙa ba. Ranar da Anicet zai fara wasa a babbar ƙungiya, sai ya kira shi bayan gida, ya ɗauko wani ɗan namijin tattabara ja, mai faɗin ƙirji, ya sa shi a ƙaramin kwando.

"Riƙe nan," in ji Baba. "Ranar da ka ci ƙwallo, ka sake shi. In na gan shi ya sauka a kan katakon can da fiffikensa, na san na haifi ɗan ƙwallo."

"Baba, ni fa ɗan baya ne."

"Ni ma a bayan dokin jan kaya na yi aiki a rami, amma kwal nake fitowa da shi. Kai me kake fitowa da shi?"

"Ina hana su ci mana."

"Ƙofar gidan nan ma tana hana kare shigowa, ban ga an sa hotonta a jarida ba."

Baba ya raɗa wa tsuntsun suna Éclair, wato walƙiya. Sunan bai yi shekara biyu ba. Tsuntsun da ya zaga Faransa kaf a jirgin ƙasa, yana zaune ana ba shi gutsuren burodi, bai taɓa kaɗa fiffike don aiki ba, me za a kira shi? Gari ya sa masa Sanata, kuma har Baba sai da ya bi.

Ni Léocadie, yayarsa, ina da shagon kofi da giya a bakin layinmu, ni da mijina Fortuné. Don haka duk yammacin Lahadi a gabana ake yi. Ko a gida aka yi wasan ko a waje, Anicet zai ɓullo daga kwanar tasha, gashi a kwance da mai, kwando a hannu, ya bi layin nan tun daga farko har ƙarshe don ya mayar da tsuntsu ɗakinsa. Mata suna bakin ƙofa, maza suna tagar shagona.

"Anicet! Yaya Sanata ya ga Marseille? Ya sha iskar teku?"

"Ranka ya daɗe Sanata, an dawo lafiya? Allah ya ja zamanin kwando!"

Anicet ba mai magana ba ne. Sai kunnuwansa su yi ja, ya ƙara sauri. In ya shiga gida, Baba zai karɓi tsuntsun ya duba shi gashi-gashi, sannan ya tura wa Anicet kwanon miyar kabeji da dankali, ya ce a ba shi labarin wasan tun daga usur na farko. Yana saurara yana kushewa. "A nan ne sai ka haura gaba, sakarai!" Haka za su yi har miya ta ƙare, Anicet ya tashi ya tafi gidansa mai famfo, ba a sake ganinsa a layin sai wata Lahadin.

Abokan wasansa sun so su taimake shi. Akwai ranar da aka ba mu fenareti muna gaba da ci uku, kyaftin ya miƙa masa ƙwallo ya ce bismillah. Anicet ya ja da baya, ya taho da gudu, sai ƙafar ta yi abin da ta saba. An tsinci ƙwallon a lambun wani mutum bayan filin wasa, cikin kabeji.

Sai zancen wasan da aka yi a garin Dunkerque. Mai kula da kwando a lokacin shi ne Onésime, mai tausar ƙungiya, wani gajeren tsoho da ke yawo da bokiti da soso, wanda a wurinsa babu ciwon da ruwan sanyi ba ya warkarwa, sai nasa, shi wannan giya ce maganinsa. Da aka tafi hutun rabin lokaci ya je ɗebo ruwa, ya biya ta wajen mai sayar da giya, ya ɗan jima. Yana dawowa, idonsa ya faɗa kan Anicet ya yi tsalle sama da kowa, ya sa kai, ƙwallo ta shige kusurwar raga, mai tsaron gida ko motsi bai yi ba. Ragar da muke kai wa hari ce kafin ya tafi. Bawan Allah ya manta an sauya gefe. Ya jefar da bokiti, ya buɗe kwando.

A lokacin Sanata da sauran ƙarfinsa, bai zame ko'ina ba sai kan katakon Baba. Ina cikin wanke kofuna na ji ihun Baba daga bayan gida, irin ihun da ban san huhunsa zai iya ba. Kafin ka ce me, layi ya cika. Fortuné ya buɗe ganga ya ce kowa ya sha kyauta, abin da har yau in ya tuna sai ya dafe ƙirji. Aka tattaro 'yan badujalar ma'aikatan kwal da kakakinsu da babbar gangarsu. Baba ya sa kwat ɗin da ya yi aure da ita, aka ɗora shi a amalanken mai madara aka tura shi har tasha. Baƙar tattabarar gari ta iso daga baya, ba wanda ya kula ta. An sha kashi, to sai me? Anicet ya ci!

Jirgi ya tsaya, badujala ta kece. 'Yan wasa suka sauko ɗaya bayan ɗaya, kowa kai a ƙasa. Anicet ya sauko na ƙarshe da kwando wayam, ya ga taron, ya ga Baba a amalanke da kwat, ya tsaya kamar an dasa shi.

"Da ƙafa ko da kai?" Baba ya ɗaga murya.

"Da kai, Baba."

"Kun ji ko! Da kai!"

"A ragarmu, Baba."

Kakaki suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Mai babbar ganga kurma ne, shi ya ci gaba da dukansa shi kaɗai har sai da aka riƙe masa hannu.

Baba bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne an sa tsuntsunsa ya yi ƙarya. Washegari ya aika aka sayo ƙaramin kwaɗo, ya datse kwandon, ya ɗaura mabuɗin a igiyar takalmi ya rataya wa Anicet a wuya. Daga ranar ba mai buɗewa sai shi da hannunsa. Onésime kuwa ya yi wata guda yana zagayawa ta bayan layi.

Shekaru suka yi ta tafiya. Gashin Anicet ya fara janyewa daga goshi, gwiwarsa ta fara ƙara in zai tsuguna. Sanata ya yi wuya, ya yi tumbi, har aka sauya masa kwando. Masu duba tikiti a jirgi sun san shi, akwai ma wanda yake sara masa. A gida in Baba ya saki tattabaru su zaga sama, shi sai ya hau kan kwano ya zauna yana kallonsu.

A bazarar 1957 ƙungiya ta gaya wa Anicet ta gode, ta ɗauko wani yaro mai sabuwar gwiwa. A satin ne kuma likita ya fito daga ɗakin Baba, ya ja ni gefe ya ce kada mu yi wa hunturu mai zuwa dogon shiri. Na gaya wa Anicet a bayan kantar shagona. Ya daɗe yana juya kofi a hannunsa.

"Yaya, saura wasa ɗaya," ya ce. "Amiens."

"To ka ci mana."

"Kamar a kasuwa ake sayarwa."

Ban taɓa bin ƙungiya wani gari ba, amma wannan Lahadin na bar wa Fortuné shago, na sa hulata mai fure, na hau jirgi. Ni na riƙe kwandon a cinya har Amiens. Nauyinsa ya ba ni mamaki, amma ban kawo komai a raina ba.

Wasan ba shi da wani amfani ga kowa, mu ba za mu hau a teburin gasa ba, su ba za su sauka ba. An yi ruwa da safe, fili ya zama taɓo. Anicet ya yi ta ƙoƙarin haurawa gaba, koci yana ihu daga gefe, "Dubrulle, koma gidanka! Wa ya aike ka?" Sau biyu ya kai bakin da'irar tsakiya ya tsaya yana waige-waige, kamar baƙon da ya shiga unguwar da bai sani ba.

Ana dawowa daga hutu, mai tsaron gidanmu Firmin, wanda ya kusa buhu biyu na dankali a nauyi, ya fito kama ƙwallo, ya kama ta, ya sauko da ita a kan idon sawun Anicet. Daga inda nake na ji ƙarar ƙanena. Onésime ya sheƙa da bokiti, ya matse masa soso a ƙafa, ya matse masa a ƙeya, ya cusa masa sukarin da ya tsoma a barasa a baki, ya naɗe ƙafar da bandeji har ta yi girman kan yaro.

A lokacin ba a canjin ɗan wasa. In ka karye, ko ka fita a bar ƙungiya da mutum goma, ko a tura ka can gefe a gaba ka yi ta ɗingishi, ka cika lissafi. Koci ya ce, "Je ka gefen dama ka tsaya, kada ka taɓa komai." Haka Anicet ya tsallake tsakiyar fili da izini, karo na farko a rayuwarsa, a kan ƙafa ɗaya.

Ba wanda yake tsaron gurgu. 'Yan bayan Amiens suka dube shi sau ɗaya suka manta da shi. Ana dab da tashi muka sami bugun kusurwa daga hagu. Anicet ya ja ƙafa ya nufi raga, ni na ɗauka dabara ce, ashe turken raga yake nema ya jingina, don tsayuwa ta gagare shi. Ya isa, ya dafa turke, ya ga bandejin Onésime ya warware yana jan taɓo, ya juya baya ya duƙa zai ɗaure. Ƙwallo ta taho, ta wuce kan kowa, ta wuce hannun mai tsaron gida, ta daki Anicet a mazaunai, ta gangara cikin raga a hankali.

Na duba da kyau, na sake dubawa. Ragarsu ce. Mai tsaron gidansu ne yake zagi, Firmin namu yana can nesa yana tsalle.

Ban san lokacin da hulata ta bar kaina ba. 'Yan wasa suka yi kansa za su danne shi, ya ture su, ya nufo gefen fili yana tsalle da ƙafa ɗaya, yana zaro igiya daga wuyansa. Alƙalin wasa yana busa usur yana cewa a dawo a ci gaba, ba wanda ya saurare shi. Na miƙa kwandon ta saman shinge. Onésime ya riƙe masa kwaɗon, Anicet ya murɗa mabuɗi. Murfi ya buɗe.

Sanata ya leƙo. Ya dubi Anicet da ido ɗaya, ya juya ya dube shi da ɗayan. Ya taka bakin kwando, ya karkaɗe jiki.

"Tafi gida," in ji Anicet. "Tafi ka gaya masa."

Tsuntsun ya tashi da ƙyar, da ƙarar fiffike kamar ana kakkaɓe tabarma, ya kai rufin rumfar 'yan kallo ya sauka. Ya dubi gabas, ya dubi yamma. Ya yi kashi. Sannan ya sauko, ya shige kwandonsa, ya gyara zama.

'Yan kallon Amiens ba su san labarin ba, amma sun yi dariya har da riƙe ciki. Bayan an tashi muka sake gwadawa a bakin titi, Anicet ya cilla shi sama da hannu biyu. Ya zaga fitilar titi sau ɗaya ya dawo.

"Ku ƙyale shi," in ji Onésime. "Mutum mai matsayi ne. Jirgin ƙarfe shida yake jira."

A tasha na nemi tarho na kira shago. Fortuné ya ce in maimaita, na maimaita, ya ce in rantse, na rantse da kabarin mahaifiyarmu. Ya ce in riƙe, ya ruga gidan Baba. Na tsaya ina jin hayaniyar shagona a kunne har ya dawo yana haki.

"Na gaya masa."

"Me ya ce?"

"Ya ce waya ba ta da fiffike. Yana can bayan gida a kan kujera, ya ɗaga kai sama, ya ce in matsa ina tare masa gani."

A jirgi 'yan wasa suka yi ta waƙa, suna buga wa Anicet kafaɗa, suna neman ya tashi a ga wurin da ya ci ƙwallon da shi. Ya yi musu murmushi har suka gaji suka koma karta. Daga nan ya ɗora kwandon a cinya, ya juya fuska wajen taga. Na ga kafaɗunsa suna motsi. Ƙato mai shekara talatin da uku, taɓo har cikin kunne, yana kuka a kan tattabara. Tausayinsa ya kama ni, kuma haushin Baba ya kama ni, da haushin wannan tulun tsuntsu da ke barci abinsa.

"Share fuskarka," na ce. "Cewa ya yi ya gan shi ya sauka a kan katako da fiffikensa. Bai ce daga ina ba."

"Yaya, me kike nufi?"

"Katangar bayan gida nake nufi. Daga can zuwa katakon taku nawa ne? Ko kaza za ta iya."

"Baba zai gane."

"Ya gane mana! Ƙwallon ƙarya ce? Ba ka ci ba?"

"Na ci."

"To tsuntsu zai faɗi gaskiya, mu dai za mu rage masa hanya."

Onésime ya ce shi ba ruwansa, an taɓa kama shi sau ɗaya a kan tsuntsun nan. Na ce ai shi ya sa zai zo, bashin layinmu yana wuyansa.

Muka iso Verquelle rana tana shirin faɗuwa. Tasha wayam. Duk gari ya ji labari daga bakin Fortuné, amma tun abin Dunkerque ba mai fito da kakaki sai ya ga jan tsuntsu da idonsa. Hakan ya yi mana daidai. Muka bi ta lungun baya inda ake zubar da toka, Anicet yana rataye a kafaɗar Onésime. Na bar su a gindin katanga, na zaga na shiga ta ƙofar gaba.

Baba yana kan kujerarsa, bargo a gwiwa, wuya a miƙe. Tun ƙarfe biyar yake haka. Sauran tattabaru duk sun shige, ya bar ƙaramar ƙofar ɗakin a buɗe.

"Baba, sanyi ya fara sauka. Mu shiga ciki."

"Ke kin dawo?"

"Na dawo. Ya ci, Baba, da idona na gani."

"Idonki ba shi na aika ba."

Daga bayan katanga na ji ana gurnani, na ji muryar Onésime ƙasa-ƙasa yana cewa, "Taka a hankali, kafaɗa ce ba tsani ba." Na yi tari mai ƙarfi don in rufe. Sai ga Sanata ya tsallako katanga kamar an jefo burodi. Ya yi ƙasa, na ce shi ke nan a cikin kabeji zai ƙare. Ya buɗe fiffike, ya kaɗa, ya kaɗa, ya ɗan ɗago, ya dafe bakin katakon da ƙafa ɗaya, ya yi tangaɗi, ya hau. Ya tsaya yana hura ƙirji kamar wanda ya ƙetaro teku.

Baba ya miƙe. Bargon ya faɗi bai kula ba. Ya taka zuwa ɗakin ba tare da ya tsaya hutawa ba, ya sa hannu biyu ya ɗauki tsuntsun. Ya shafa ƙirjinsa, ya buɗe fiffike ɗaya ya duba, ya kai shi hanci ya shinshina.

"Daga Amiens," ya ce. "Ko haki ba ya yi. Jikinsa sanyi ƙalau. Ga warin taba, ga burodi a baki."

A daidai nan aka ji rugum a bayan katanga, da ƙarar bokitin toka, da muryar Anicet yana kiran sunan Allah, da Onésime yana cewa, "Na gaya maka ƙafa ɗaya ba ta tsayuwa a kan mutum!"

Baba ya dubi katangar. Gefen bakinsa ya fara rawa.

"Kai na bayan katanga! Zago ka shigo, kafin ka ƙarasa ɗaya ƙafar. Shi ma tsohon ɓarawon kwandon ya shigo."

Suka shigo ta ƙaramar ƙofa, toka har gira. Anicet ya tsaya a gaban Baba da kwando a hannu, ya kasa ɗaga ido.

"A ragar wa?" in ji Baba.

"Tasu, Baba."

"Ka tabbata? An sauya gefe?"

"An sauya, ranka ya daɗe," in ji Onésime. "Yau ko ruwa ban je ɗebowa ba."

"Ba da kai nake ba. Da ƙafa ko da kai?"

Anicet ya dube ni. Na dubi sama.

"Da... baya, Baba. Na duƙa ne ina ɗaure bandeji."

Baba ya haɗa hoton a ransa. Sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta har ta koma tari, tarin ya ƙi tsayawa, muka zaunar da shi, na kawo ruwa, yana sha yana dariya, hawaye yana bin ƙurar da ke cikin layukan tsufa na fuskarsa. Da ya samu numfashi, sai ya kamo wuyan rigar Anicet ya jawo shi ƙasa, ya buga goshinsa a nasa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa wani ɗan Adam ba.

"Ƙwallo ƙwallo ce," ya ce. "Raga ba ta tambaya. Léocadie, ɗora miya. Zan ji shi tun daga usur na farko."

Aka ba shi labari tun daga usur na farko. Bai kushe komai ba sai Firmin. Can waje muka ji an fara gwada kakaki, don wata maƙwabciya ta ga jan tsuntsu a kan katako ta fesa wa layi. Anicet ya cinye miyarsa, ya cire igiyar daga wuyansa, ya ajiye mabuɗin a kan tebur kusa da hannun Baba. Ya ce bari ya je ya nuna wa likita ƙafar nan.

Baba ya dubi mabuɗin, bai taɓa shi ba. Dariyar ta bar fuskarsa gaba ɗaya. Anicet ya kai bakin ƙofa yana ɗingishi sannan Baba ya yi magana, kuma bango yake kallo.

"Lahadi ƙarfe nawa za ka zo ɗaukarsa?"

"Ɗaukar wa, Baba?"

"Sanata mana."

"Baba, ai na gama. Babu sauran wasa."

"Na sani. Shi ne bai sani ba." Ya tura mabuɗin da yatsa ɗaya har bakin tebur. "Tsuntsu ya saba da fita. Ka kai shi tasha ya ga jirgi, ka dawo mini da shi da yamma. Miya ba ta ƙarewa a gidan nan."

Anicet ya juyo daga bakin ƙofa. Sannan ya jawo ƙafarsa ya dawo, ya ɗauki igiyar, ya mayar da ita wuyansa.

"Ƙarfe biyu, Baba."

"Kada ka makara," in ji Baba. "Ba ya son jira."